Dambe, judo ko taikwando: wane ne ya dace da mai farawa a Yamai?

Lambobin yabo biyu kacal Nijar ta taɓa ciwowa a wasannin Olamfik, kuma duka biyun a fagen faɗa aka samo su. Isaka Dabore ya kawo tagulla daga Munik ta Jamus a 1972 da damben zamani, sai bayan shekara 44 Abdulrazak Isufu Alfaga ya kawo azurfa daga Riyo a 2016 da taikwando. Ga kuma kokowa, wadda in ana gasar takobi ko mai shayi rediyonsa na kunne. Don haka ba abin mamaki ba ne saurayi, ko magidancin da tumbi ya fara yi wa sallama, ko uwar da ɗanta ya ishe ta da tsalle-tsalle a tsakar gida, su fara tambayar wane wasa za a shiga.

Shawarar da ake samu a fada ba ta cika amfani ba, domin can gardamar ita ce wa zai ka da wa in an haɗa ɗan dambe da ɗan judo. Mai farawa ba wannan ce damuwarsa ba. Abin da ya kamata ya tambayi kansa shi ne: me jikina zai riƙa karɓa sau biyu ko uku a mako, kuma na yarda in karɓa? A dambe naushi ne, a fuska da ciki. A judo ƙasa ce, za a yi ta maka ka da ita. A taikwando shuri ne a haƙarƙari, da miƙa ƙafa har jijiyar cinya ta yi kuka. Wanda ya san wanne zai iya jurewa ya yi rabin zaɓi.

Bari in fara da kokowa, don a cire ta daga lissafi da mutuncinta. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ba wasan da ya kai ta farin jini a ƙasar nan. Kowace jiha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, ba a raba su aji-aji bisa nauyi, kuma da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. Amma ka duba su waye ke shiga fagen. Isaka Isaka na Dosso da ire-irensa ba wata rana suka je suka yi rajista a matsayin sababbin ɗalibai ba. Tun suna yara suke damƙar juna a dandalin ƙauye bayan girbi, ƙarfinsu na noma ne da rairayi, manya suna kallo suna gyara musu. Yaro ɗan shekara goma a Tawa ko ƙauyukan Ader, wanda ke da yayye a cikin harkar, hanya a buɗe take gare shi, kuma ba ta cin kuɗin kaya. Ma'aikaci ɗan shekara talatin a Yamai kuwa, wanda bai taɓa riƙe ƙugun kowa ba, in ya je fagen kokowa zai tarar da ƙarti masu shirin gasa, ba ajin koyon baƙi da wasali ba. Haka ma damben gargajiya, na zare a hannu: ba safa mai laushi, ba robar haƙora, kuma koyonsa a cikin dukan ake yi. A yi kallo a yi tafi, amma ban ba mai farawa shawarar ya soma daga nan ba.

Damben zamani shi ne mafi sauƙin shiga. Gajeren wando, riga, takalmi mara nauyi, igiyar tsalle da bandejin naɗe hannu sun isa makonnin farko. Safar hannu kuwa sau da yawa akan samu ta aro a wurin, ko da yake in ka shaƙi warin safar da mutum ashirin suka yi gumi a ciki, da kanka za ka nemi taka. Abin da ake koya a farko ba shi da yawa: tsayuwa, takun ƙafa, naushin hannun gaba, na hannun baya, na gefe, da wanda ake ɗagowa daga ƙasa. Shi ke nan. Wahalar tana cikin maimaitawa. Kuma babu wasan da ke nuna wa mutum gaskiyar numfashinsa da wuri kamarsa. Turmi ɗaya minti uku ne, hutu minti ɗaya, karawar waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba turmi uku. A baki minti uku ba komai ba ne. Tsaya gaban buhu kana naushi ba tsayawa, kafin minti na biyu hannuwanka sun sauko daga haɓa sun koma ƙirji, mai horarwa na yi maka tsawa ka ɗaga su. Wanda burinsa rage ƙiba da ƙarfin zuciya da huhu, cikin wata biyu zuwa uku zai ga canji a jikinsa.

Ka lura da yadda ake naɗe bandeji, don daga nan ake gane wurin da aka san aiki. Ana saƙala madaukin a babban yatsa, a zagaya wuyan hannu, a hau kan gaɓoɓin yatsu, a ratsa tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, a dawo a ɗaure a wuyan hannu. In ka dunƙule ya kama, in ka buɗe jini na gudu. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, kuma wanda ya naushi buhu mai tauri da hannu tsirara ko da naɗin wasa, na bayan ƙaramin yatsa ne ke fara karyewa. Wasu wurare rairayi zalla suke cika buhu da shi, ya daskare a ƙasa kamar siminti. Taɓa shi kafin ka kai masa hannu.

Sai dai dambe yana da kuɗin da ba a biya da jika, wato kai. Haɓo da fashewar leɓe suna warkewa. Girgizar ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kuwa taruwa take yi, kuma hular kariya ba ta hana ta. Hular tana rage tsagewar fata da kumburi ne kawai. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fito a 2011 suka ce ba su goyon bayan yara da matasa su yi dambe. Ni ma a nan nake tsaye: ban ga dalilin da za a sa yaron da ke zuwa lakwal ya riƙa karɓar naushi a kai ba. Babba kuwa yana iya cin moriyar dambe kusan duka ba tare da an fasa masa kai ba: buhu, igiya, naushin iska gaban madubi, dukan tafin mai horarwa, da gwaji mai sauƙi inda ake taɓawa ba a saki ƙarfi ba. Abin dubawa shi ne ko wurin ya yarda da haka. Akwai inda ake jefa sabon zuwa gaban tsohon hannu a makon farko wai don a ga zuciyarsa. In ka ga haka, ɗauki takalminka. Kuma duk wanda ya sha naushi ya koma gida da ciwon kai, jiri, amai ko mantuwa, wurin likita zai nufa, ba horon gobe ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda iyaye kan tayar kuma suna da hujja: hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, kuma malamai da dama sun dogara da shi wajen ƙin dambe, alhali kokowa tana da madogara a labarin da aka ruwaito na Manzon Allah (SAW) da Rukana. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa tun kafin ya sayi safa.

Judo akasin dambe ce ta kusan kowace fuska. Ba naushi, ba shuri. Jigoro Kano ya kafa ta a Japan a 1882, ta shiga Olamfik a Tokiyo a 1964, kuma ga Bahaushe ba baƙuwa ba ce sosai, don kokowa ce da riga. Ana riƙe kwala da hannun riga, a karya wa mutum tsayuwa, a juya shi ta kan ƙugu ko kafaɗa, ko a share masa ƙafa. In ya faɗi da bayansa da ƙarfi, an ci ippon, wasa ya ƙare. In ba haka ba a bi shi ƙasa: a danne shi daƙiƙa 20, ko a shaƙe shi, ko a murɗe gwiwar hannunsa har ya buga tatami, wato katifar da ake wasan a kai, alamar ya sallama. Karawa minti huɗu ce, kuma ana raba mutane bisa nauyi, maza daga kilo 60 har sama da 100, mata daga 48 har sama da 78, saboda haka siriri ba ya haɗuwa da ƙato a gasa. Wanda ya taso da kokowa zai ji daɗin riƙo da daidaita nauyi, amma akwai ɗabi'ar da sai ya bari: dokar gasa ta yanzu ta hana kai hannu a kama ƙafa, abin da ɗan kokowa ke yi ko cikin barci.

Watan farko na judo yana gundurar masu gaggawa, domin ba ka da kowa za ka yi ba, faɗuwa za a koya maka. Za ka tsuguna, ka manna haɓa a ƙirji, ka mirgina baya, ka bugi tatami da tafin hannu da damtse gaba ɗaya daidai lokacin da bayanka ke sauka. In ɗalibai ashirin suka yi tare, ƙarar takan cika ɗakin. Sai ta gefe, dama da hagu, sai mirginawa gaba ta kan kafaɗa. Haɓar da aka manna ita ke hana ƙeya bugun ƙasa, bugun hannun kuma yana raba nauyin faɗuwar, yana kuma kashe ɗabi'ar nan ta miƙa hannu a dafa ƙasa, wadda ita ce ke kai mutane wurin maɗori da karayar wuyan hannu. Wannan darasi shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita judo ga mafi yawan masu farawa. Mutum na iya ƙare rayuwarsa bai yi faɗa a titi ba, amma a garin da ake hawan kabu-kabu a kan rairayi da kwalta mai ramuka, a ƙetare kwata da damina, da wuya ya ƙare ta bai faɗi ba.

Ba wai judo ba ta da haɗari ba. Kafaɗa na gocewa, ƙashin wuya na karyewa, jijiyar gwiwa na tsinkewa in ƙafa ta kafe jiki ya juya, kuma tsofaffin ƴan judo za ka ga yatsunsu naɗe da filasta saboda riƙon riga. A Japan kanta, ɗaliban makaranta sama da 100 sun mutu a judo tsakanin 1983 da 2011, akasari daga bugun kai, kuma da yawansu sababbin shiga ne da aka yi ta kayarwa tun ba su iya faɗuwa ba. Ke nan amincin judo yana hannun malami ne. Wanda ya haɗa yaron wata ɗaya da mai nauyin da ya ninka nasa, ko ya koya wa ƙananan yara shaƙa, ba malami ba ne ko da ɗamararsa ta fi gawayi baƙi.

Sannan judo tana da tsada ta wata fuskar. Kimono ɗinta, wato rigar wasan, auduga ce mai kauri da aka saƙa don ta jure ja. In ka kai wa tela yadi ya ɗinka maka, a riƙon farko kwalar za ta yage. Sai dai a nemi na gwanjo, ko a gaji na wanda ya girme shi. Tana kuma buƙatar tatami, ba a yin ta a kan siminti ko tabarma, abin da ya sa wuraren koyonta ba su kai na sauran yawa ba. Ga zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, sa wannan riga a ɗakin da fanka ta tsaya saboda an ɗauke wuta jarrabawa ce ta daban. Ga kuma cututtukan fata, irin su makero, da ke yawo a tatamin da ba a gogewa. Ka duba ko ana cire takalmi a bakin tatami, ko ana yanke farce, ko ana wanke riguna. Magidancin da ya haura arba'in, mai nauyi, mai ciwon baya ko gwiwa, ya yi tunani sau biyu. Jikin da ya daɗe bai motsa ba ba ya son a maka shi da ƙasa, kuma a gare shi buhun dambe ya fi tausayi.

Taikwando kuwa tun da Alfaga ya dawo da azurfarsa, ya ƙara da zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, ta zama wasan da yara ke ambata da bakinsu. Wannan farin jinin yana da amfani na zahiri: ƙungiyoyi sun yawaita, yaro zai samu tsararrakinsa, kuma ana samun gasa. Wasan ƙafa ne. Shuri a kai ya fi shuri a ƙirji maki, na juyi ya fi duka, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, naushi a fuska kuwa laifi ne. Ana sa sulken ƙirji, hula, da kariyar ƙwauri da damtse. Yana son doguwar ƙafa da jiki mai lanƙwasa. Ba banza ba zakaran namu ya haura mita biyu. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas jijiyarsa ɗanya ce, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban da ya fara a makare zai sha fama kafin ƙafarsa ta wuce ƙugu, kuma targaɗen idon sawu da ciwon matsematsi za su zama abokan tafiya. Kayan farko ba su da tsada, tela ma na iya ɗinka rigar, amma ranar da aka ce yaro zai shiga gasa jerin kayan kariya zai taso, sai uba ya shirya aljihu. Kada kuma a manta shuri a kai duka ne a kai, ko da hula; bambancin kawai shi ne a horon yau da kullum ba ya sauka da yawan da naushin dambe ke sauka.

Ga ƴan mata, a ganina taikwando ce ta fi sauƙin karɓuwa a gida. Rigar doguwar hannu ce da dogon wando, ba rungumar juna, kuma doka ta yarda a sa ɗankwali ƙarƙashin hula. Hedaya Malak ta Masar da hijabinta ta ci tagulla a Riyo, kuma Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a wasannin Tokiyo. Judo tana da matsala biyu a nan: jiki na haɗuwa da jiki, sai an samu abokiyar horo mace, kuma dokar manyan gasanninta ba ta yarda da rufe kai ba saboda shaƙa. Gaisuwar sunkuyawa da ake yi a judo, karate da taikwando ita ma wasu iyaye ba sa sonta. A yi maganar da mai horarwa tun ranar farko, ba sai ta zama rigima ba.

Karate ba zan daɗe a kanta ba. Tana tsakanin dambe da taikwando, hannu da ƙafa, kuma a yawancin makarantu ana tsayar da duka kafin ya sauka da ƙarfi. Ana ɓata lokaci mai yawa a kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, wanda ke gyara natsuwar yaro mai rawar kai amma yana iya gundurar mai neman gumi. Sau ɗaya ta shiga Olamfik, a Tokiyo, aka sake cire ta. In ita ce kusa da gida kuma malamin na kirki ne, ba laifi.

To kare kai fa, tunda shi ne dalilin da rabin masu tambaya ke ɓoyewa? Dambe ne ke saurin ba da abin amfani: sanin tazara, kare fuska, da rashin rufe ido in hannu ya taso. Amma naushin hannu tsirara kan karya hannun mai naushin, kuma in ka fasa wa mutum baki, kai da shi ne gaban kwamishinan ƴan sanda. Judo tana ɗaukar lokaci kafin ta nuna, sai dai tana ba ka zaɓin riƙe mutum ka danne shi ba tare da ka zubar masa da jini ba, wanda shi ne abin da rigimar unguwa ko ta tasha ta fi buƙata. Ko ɗaya cikinsu ba ya maganin wuƙa, kuma duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa cikin mako biyu kasuwanci yake yi.

Hukuncina ke nan: yaro ko yarinya ƴan firamare, judo in akwai tatami da malami mai haƙuri, in babu sai taikwando. Matashi mai dogon jiki da ke mafarkin gasa, taikwando. Wanda ya taso da kokowa yana son ya ga ƙasashen waje da ƙarfinsa, judo ta fi kusa da abin da ya iya. Babba mai neman lafiya da rage nauyi, dambe, da sharaɗin kansa ba buhu ba ne.

Duk wannan lissafin nisa na iya rusa shi. Cibiyar waɗannan wasanni a Yamai ita ce kewayen filin wasa na Janar Seyni Kunce, inda Palais du 29 Juillet da Académie des Arts Martiaux suke, amma akwai ƙungiyoyi a gidajen matasa da harabar makarantu cikin unguwanni. Mai zama Harobanda da zai ƙetare gadar Kennedy da yamma sau uku a mako, ko mai fitowa daga Talaje, ya lissafa kuɗin taksi da cinkoso, domin wasa na biyu a zuciyarka da ke bayan gida ya fi na farko da ke ƙarshen gari. Na kusa ne za ka ci gaba da zuwa bayan ɗokin farko ya wuce. A Tawa zaɓin bai kai na Yamai yawa ba, sai a fara tambaya a gidan matasa da ofishin wasanni na jiha a ji abin da ke akwai.

Kafin ka biya ko dala, je ka zauna ka kalli horo ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada ka kalli gwanayen, kalli wanda ya fi kowa rashin iyawa, ka ga yadda ake yi da shi. Duba ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko ana barin ɗalibai su sha ruwa, ko mai horarwa yana riƙe da bulala. Tambaye shi ko ƙungiyarsa tana da rajista da hukumar wasan ta ƙasa, da yadda yake sauya lokacin horo in azumi ya zo. Mai hawan jini, asma, farfaɗiya ko sikila ya ga likita tukuna ya kuma gaya wa malamin. In kana da zaɓin lokaci, fara a watan Nuwamba ko Disamba da sanyi ya shigo, yadda kafin zafin Afrilu ya iso jikinka ya riga ya saba.